Kwanakin da Agogo Ya Ƙara

Akwai wani maigida wanda ba shi da abin so a duniya kamar tsofaffin agogunan bango, irin waɗanda ban da lokaci suna da wani dogon jan hannu mai nuna kwanan wata. Ya tattaro su daga tsofaffin gidajen mishan, da tashoshin da jirgin ƙasa ya daina tsayawa, da gidajen da aka raba gado. Ya keɓe musu ɗaki, ya toshe tagogi don kada rana ta ci katakonsu. Ko da tsakar rana ka shiga, duhu ne da sanyi, ba ka jin komai sai kas, kas, kas ta kowane gefe, kamar ana raɗa a kanka.

To, irin wannan agogo yana da hali guda. Bai san gajeren wata ba, kowane wata talatin da ɗaya yake ƙirga masa. Dole ne mai shi ya sa yatsa ya tura jan hannun gaba in wata mai kwana talatin ya ƙare. Mutumin nan kuwa ya ƙi, wai hannun ya girmi kakansa, kada ya karye. Har dariya yake yi yana cewa, "Kowa watansa ya ƙare, ni an ƙara mini kwana." Haka kwana ya hau kan kwana, ɗakin ya yi ta komawa bayan duniya. Shi kuma ya daina tambayar kowa kwanan wata. Me zai tambaya, shi da ke da agogo cike da ɗaki?

Yana da ƙane guda, amma sun daɗe ba sa ga-maciji, tun da suka yi faɗa a kan agogon mahaifinsu. Wata rana ƙanwarsu ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Yaya, ƙanenka yana kwance. Ba ya ci, ba ya sha, sunanka kawai yake kira. Masu magani sun ce da wuya ya ga sabon wata."

Ya ɗaga kai ya dubi bango. Jajayen hannuwan duk suna tsakiyar wata. Ya ce, "Zan zo. Ai da sauran kwanaki."

Ta ce, "Yaya, wata fa ya zo ƙarshe."

Ya nuna mata bango, ya ce, "Duk waɗannan ƙarya suke yi?"

Ta dube su, ta juya ta tafi tana kuka.

Ba wai ba ya ƙaunar ƙanensa ba ne. Yana so ne fushinsa ya ƙara hucewa, ya kuma shirya kalmomin da zai faɗa. Da ya ga ya shirya, ya sa riga ya tafi. Ya tarar ana naɗe tabarmin zaman makoki. Ƙanwar ta kai shi makabarta a bayan gari. Ƙasar kabarin har ta bushe.

Ya koma gida, ya shiga ɗakin, ya ga agogunan suna nuna ranar da ƙanensa yake da rai tukuna. Sai ya kulle ƙofa. Shi da ya ƙi tura hannu gaba, yanzu kowace safiya sai ya bi su ɗaya-ɗaya yana mayar da shi baya. Masu wucewa sukan ji muryarsa a cikin kas, kas ɗin nan yana cewa, "Gobe zan je."

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Agogunan su ne lissafin da muke yi wa kanmu, cewa da sauran lokacin tuba, da sauran lokacin neman gafara. Kwanakin ƙarin nan kuwa ba Allah ne ya bayar da su ba, mu ne muka ƙirga wa kanmu, ba kuwa za su zo ba. Ƙanwar ita ce Maganar Allah, wadda takan tsaya a bakin ƙofa ta faɗi gaskiya, amma ba ta jan kowa da ƙarfi.

Na binne mutane da yawa a cikin ikilisiyar nan, kuma kukan da ya fi ci mini rai shi ne na wanda ya yi niyyar zuwa bai zo ba. Akwai sunan da ya faɗo maka a zuciya tun ina cikin magana. In an tashi daga nan, kada ka biya ta gida. Ka nufi wurinsa.