Mutumin da Ya Ƙi Cewa Amin ga Arahar Abinci

An yi wani mutum a nan garinmu Faisalabad, ya 'yan uwa. Ba zan kama sunansa ba, domin danginsa suna nan cikinmu, kuma ba su suka yi ba.

Mahaifinsa ya rasu ya bar musu kantin kayan masarufi a unguwar ma'aikatan masaƙa, shi da ƙanwarsa Shagufta, wadda mijinta ya mutu ya bar ta da yara uku. Ɗan kanti ne: garin alkama, shinkafa, wake, ganyen shayi, man girki. Shekara arba'in tsohon yana awo a ciki, ba a taɓa cewa ya tauye wa kowa ba.

Shi kuwa ɗan, kunyar kantin yake ji. In gari ya taɓa masa riga, sai ya yi ta kakkaɓa kamar najasa. Gani yake ya fi ƙarfin sikeli.

Ana nan sai wani babban kamfani ya buɗe katafaren kanti a bakin titi, ya shafe shi da koren fenti, mutane suka sa masa Koren Kanti. Suka karya farashin gari da mai ƙasa da yadda ɗan tireda ke saro su. Unguwa ta ɗungume can.

Wani dillalin hannun jari, Tanwir, ya same shi a teburin shayi.

"Seth sahib, kana ganin faɗuwa suke yi? Shuka suke yi. Ka ba su shekara biyu, duk 'yan tsirarun kantunan nan sun mutu. Ranar da ba sauran inda za a sayi gari sai wurinsu, wa zai hana su tsuga kuɗi? Ka sayi hannun jarinsu yau, ka zauna a inuwa."

Tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa ce masa Seth, wato attajiri. Kalmar ta shige shi fiye da shayin.

Ya sayar da kantin uban, ya zuba kuɗin duka. Shagufta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Bhai jan, yayana, rabona fa? Keken ɗinki nake so in saya, in riƙe yaran nan."

"Keke! Ana maganar miliyoyi kina maganar keke. Juya miki nake yi."

"Ni ban ce a juya mini ba."

"To je ki kai ƙara."

Sau uku tana zuwa. A na ukun ta ce, "Na bar ka da Allah." Ya yi dariya ya ce ai dama da shi yake.

Ku fahimce ni, ya 'yan uwa. Ban ce sayen hannun jari a kamfanin da ke sayar da halal laifi ba ne. Amma da kuɗin wa? Kuma da wace niyya?

Farko abin ya yi masa kyau. Jarin ya tashi, ya ƙara tashi. Ya ɗinka fararen kaya masu sitaci, ya rina gashin baki, ya wuni yana latsa waya yana kallon lambobi. Ba ya saƙa, ba ya noma, ba ya awo. Sana'arsa ɗaya: ƙirga kantunan da suka rufe. Duk mai kantin da ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, sai mutumin nan ya sayo alawa ya kai gida.

Akwai wani tsoho mai ɗan kanti, Baba Inayat, abokin mahaifinsa, wanda ya ɗauke shi a kafaɗa yana yaro. Ranar da tsohon ke kwashe kantocinsa a keken jaki, mutumin nan ya tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Baba, an gaji? Ai zamani ya wuce ku. Ku je Koren Kanti, ina jin suna ɗaukar masu gadi."

Tsohon ya dube shi ya ce, "Ɗana, ubanka ya ciyar da unguwar nan. Kai kuma kana jira ta ji yunwa. Allah ya ba kowa abin da yake jira." Ya kaɗa jakinsa.

Abin da zan faɗa yanzu, shi da bakinsa ya faɗa wa matarsa Nighat, yana alfahari. Ranar Juma'a, in liman ya ɗaga hannu ya ce Allah ya kawo arahar abinci, sahu duka ya amsa, shi sai ya tsuke baki. Ya ce mata, "Ina dalili zan yi wa aljihuna mugun baki?"

Nighat ta ce, "Tir! Kai ma fa ci kake yi."

Wane irin mutum ne wannan, ya jama'a? Yana sahu ɗaya da mai saƙa wanda 'ya'yansa ke raba gurasa ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa, yana roƙa masa tsada a zuci! Ungulu ma sai an mutu take sauka. Shi jiran masu rai yake.

To, shekara biyun ta cika. Ƙananan kantuna sun mutu, kamar yadda aka yi masa alkawari. Amma kafin Koren Kanti ya ɗaga farashi da ko rupi ɗaya na kuɗinmu, sai ga wani kamfani da ya fi shi ƙarfi ya kafa nasa a tsallaken titi, jajawur. Ja ya rage goma, Kore ya rage sha biyar. Ja ya ce sayi mai a ba ka sukari kyauta. Kore ya bi. Talakawa suna ta tsallaka titi suna dariya, riba kuwa ta narke. Masu jari suka fara gudu.

Ya ruga wurin Tanwir. Dillali, da ke da la'adarsa ko an ci ko an faɗi, ya ce, "Seth sahib, yanzu ne ma lokacin saye. Araha ta zo maka har gida."

Mai hankali da ya tsaya nan. Shi ya kwashe awarwaron zinaren Nighat ya sayar. Jarin ya ƙara faɗuwa. Ya jinginar da gidan da suke ciki. Ya ƙara faɗuwa. Koren Kanti ya shiga rufe rassa, ya sanar babu rabon riba. Abin da ya saya ɗari ya koma takwas. Tanwir ya daina ɗaga waya.

Wata ranar Lahadi da hantsi, ya shiga Koren Kanti. Ga jama'a maƙil, ga allo an rubuta rangwamen rabin kuɗi. Ya ga wata mata ta loda galan huɗu na mai a kwandon turawa. Sai ya cafke kwandon.

"Mayar! Kun san nawa aka saro shi? Dukiyata kuke ci, ɓarayi!"

Matar ta ce, "Kai, sakar mini kaya! Na ubanka ne?"

"Nawa ne! Ina da jari a nan!"

Wani daga layi ya ce, "To mun gode, Seth sahib, Allah ya ƙara araha!" Kanti ya ɗauki dariya.

Masu gadi biyu suka kama shi, ɗaya a wuyan riga, ɗaya a hannu. Suka ja shi yana ihun a kira masa manaja, suka watsa shi kan titi, takalmi ɗaya a ƙafa.

Gidan da ya jinginar ya salwanta. Nighat ta kwashe yara ta koma wurin iyayenta a garin Jhang. Yau yana wani ɗaki a bayan tashar mota, kuma in ya samu 'yan canji, ba inda yake zuwa sai inda gari ya fi araha.

Ya 'yan uwa, kada ku ce kasuwa ce ta ci shi. Kasuwa tana hawa tana sauka, mutanen kirki ma suna faɗuwa su tashi, domin akwai masu miƙa musu hannu. Wannan ya ci gadon marayu, ya yi murna da karayar maƙwabci, ya ɗora arzikinsa kan yunwar mutane. Da ya faɗi, wa zai ɗaga shi? Kowa ya bincika abin da yake jira kafin ya samu riba. In ribarka ba ta zuwa sai tukunyar wani ta bushe, wallahi ba riba ba ce, wuta ce kake tarawa.

Allah ya kiyaye mu da zuciyar da ke jin daɗin kukan ɗan uwa, ya raba mu da haƙƙin marayu, ya kawo mana arahar abinci. Ku ce amin, da ƙarfi.