Ƙahon da Kaska Ta Yi wa Dunƙule

Ga ta nan tafe, ku matso ku karɓe ta.

Wata shekara yunwa ta kama Kaska har ta shafe kamar ƙwayar riɗi. Tana maƙale a jikin ciyawa sai ga Dunƙule, karen Baba Tanimu, ɗan gatan da ake yi wa wanka da sabulu, ya zo ya zube a inuwa yana haki.

"Sannu, mai gadin gida," in ji Kaska. "Tun yaushe harshen nan yake zazzagowa haka?"

"Kullum in rana ta take."

"Mataccen jini ne. Haka ya fara wa wani kare a garinmu, yanzu ciyawa ta tsiro a kansa. Amma ka taki sa'a. Ni ɗiyar Sarkin Aska ce. Ƙahon da na yi wa Giwa, har yau tana aiko mini da gaisuwa."

Dunƙule ya miƙa mata kunne ta yi masa ƙaho. Ta shige ta kafa baki.

Da gari ya waye ta kirawo danginta kaf, ta ce masu koyon sana'a ne. Wasu suka shiga tsakanin yatsu, wasu gindin wutsiya. Ƙaiƙayi ya ishi Dunƙule, ta ce aiki ne ke ratsa shi, kada ya kuskura ya sosa. Baba Tanimu ya fito da bokiti da sabulu, ta raɗa wa karen cewa ruwa yana karya ƙaho. Ya shige ƙarƙashin rumbu, tsohon ya yi ta kira har ya gaji.

"Kura sai ta yi gudu take cin nama," Kaska ta ce wa dangi. "Ni a kwance nake cin nawa, naman ne ma ke yawo da ni."

Da gari ya waye sai ga wanzamin gaske ya zo yi wa Baba Tanimu ƙaho a tsakar gida. Dunƙule na kallo ya cire ƙahon, ya juye baƙin jini a ƙasa, ya nuna wa mai shi.

"Ɗiyar Sarkin Aska, na maigida kowa ya gani. Ina nawa?"

"Naka iska ke kwashewa. Aikin zamani ke nan."

Dunƙule ya dubi ƙafarsa, ya ga wani mai koyon sana'a ya kumbura kamar jiƙaƙƙen wake. Ya dantse shi da haƙori. Jini ya tsarto ja zur, da ɗuminsa.

"Wannan dai bai mutu ba," in ji shi. Ya je ya kwanta a gaban maigida, ciki sama.

Baba Tanimu ya jawo gwangwanin kananzir, ya shiga cirewa yana tsomawa. "Ashe kiwo nake yi ban sani ba."

Kaska ta yunƙura za ta gudu, tumbi ya hana. Tsohon ya fizgo ta, rabin bakinta ya tsaya a kunnen, ta suɓuce daga yatsunsa ta faɗi tim. Zakara ya kai mata sara, ya tafi da ƙafa guda.

"Haɗiye ni, yallaɓai," ta ce. "Kananzir na sha, ina neman abokin tafiya lahira."

Zakara ya karkata kai yana nazari, ta mirgina ta faɗa tsagar katanga. Ta lissafa sauran ƙafafunta, ta yi tsaki da guntun baki.

"Jinin ma duk warin sabulu. Jakin maƙwabta na ga yana ɗingishi, ni kuwa jikar Sarkin Ɗori ce."

Ƙurunƙus, kowa ya duba kunnensa.