Mai Askin da Ya Ce Ya San Ƙeyar Kowa

"Sauke hoton nan, Malam! Na ce ka sauke shi!"

"Ke, rage murya, maƙwabta na ji."

"Su ji mana! Kai da ka tara mutum dubu arba'in suna jinka a waya, katanga ɗaya ce za ta ba ka kunya? Ƙanina ne fa. Ni na goya shi."

"Ni ban ce shi ne ba. Tambaya kawai na yi."

Katangar da take faɗa, ya 'yan uwa, ni ce a bayanta. Ba laɓe na yi ba, shanya nake kwashewa. In kuma kwashe zane uku ya ɗauke ni rabin awa, wannan tsakanina da gwiwoyina ne. Ku gyara zama in faro muku daga tushe, don yau raina a ɓace yake.

An yi wani mutum, mai aski. Ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake bakina na ƙaiƙayi. Shagonsa ɗan ƙarami ne: kujera ɗaya mai juyawa, madubi mai tsaga a gefe, da dogon benci na 'yan zaman kashe wando. Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Yana da wani aski nasa na kansa, layi biyu siriri da yake ja da aska a ƙeya, su lanƙwasa zuwa bayan kunne. In ya gama sai ya ɗauki hoton ƙeyar mutum ya sa a shafinsa don talla. Kullum kirarinsa ɗaya: "Ku fuska kuka sani, ni ƙeya na sani. Ko a taron dubu mutum ya ba ni baya, zan faɗi sunan ubansa."

Matarsa kuwa tana da ƙane ɗaya tak, ana ce masa Auta. Uwarsu ta rasu yana shan nono, ita ta raine shi har ya yi gemu ya yi aure ya haifi 'ya. Aikinsa haƙar rijiyar burtsatse. Su tafi da injinsu can inda waya ba ta da sabis, su yi mako ba a ji ɗuriyarsu ba. Kowa a layin nan ya san haka. Ku riƙe wannan: kowa ya sani.

Ran wata Litinin da rana tsaka aka tarar da mai kantin magani na bakin titi kwance a ɗakin ajiyar kayansa, an buga masa ƙarfe a kai. Mutumin kirki, mai 'ya'ya huɗu. Allah ya ji ƙansa. Ran Laraba 'yan sanda suka fitar da hoto ɗaya daga kyamarar shagon da ke kusa: wani mutum na fita ta ƙofar baya, ya ba da baya, hoton dishi-dishi. Suka ce wanda ya san wani abu ya zo ofis ya faɗa. Ofis suka ce. Ba su ce a hau waya ba.

To me ake gani a ƙeyar mutumin? Layi biyu siriri, sun lanƙwasa zuwa bayan kunne.

Mai aski ya ga hoton nan, jikinsa ya hau rawa. Ba rawar tsoro ba, rawar daɗi. Ya ce yau Allah ya kawo ranarsa. Shekara biyar yana sa hotunan ƙeya, mutum bakwai ke dubawa, uku daga ciki danginsa ne. Ya miƙa wayarsa ga wani ɗan zaman shago da ake kira Na-Benci, don tun da aka kore shi daga aiki benci ne ofishinsa. Ya ce masa riƙe min, mu yi kai tsaye. Ya tsaya gaban madubi da kilifa a hannu, ya ce wa duniya: "Wannan askin, hannuna ne. Makashin nan ya zauna a kujerar nan."

Kafin rana ta faɗi mabiyansa sun kai dubu tara.

Ya 'yan uwa, in da ya tsaya nan ya sa takalmi ya tafi ofishin 'yan sanda, da yau ba ni da labarin ba ku. Tafiyar minti goma ce. Amma a ofis wa zai tafa masa? Wa zai kira shi Jami'in Ƙeya, kamar yadda aka soma kiransa a waya?

Washegari jama'a suka ce sai ya faɗi suna. Wannan ya rubuto, wancan ya rubuto. Masu bincike suka fito kamar ƙwari bayan ruwan sama: mai sayar da katin waya ya zama lauya, wata da ba ta taɓa zuwa garin ba ta zana taswirar kantin, wani ya auna kunnen mutumin hoton da tsinken ashana. Mai aski ya ga in bai jefa musu wani abu ba za su koma wurin wani. Sai ya tuna Auta. Kwana biyu kafin kisan, Auta ya yi cacar baki da marigayin a kan wani maganin tari da ya fesa wa 'yarsa ƙuraje. A kujerar askin nan Auta ya ba da labarin, yana huci, kamar yadda kowane namiji ke sauke cikinsa in an ɗaura masa ƙyalle a wuya. Kuma ran Litinin ɗin ya bar gari. Kuma wayarsa a kashe.

Na-Benci, da kansa a aske ƙwalƙwal yana sheƙi, ya ce, "Maigida, idonka ido ne. Ni ma zuciyata can ta tafi, nauyin faɗa nake ji."

Sai mai aski ya zaƙulo hoton ƙeyar Auta ya jera da na 'yan sanda, ya zagaye layukan da jan alƙalami. A ƙasa ya ƙara hoton fuskarsa, wanda aka ɗauka a tsakar gidansa, Auta na dariya da 'yarsa a kafaɗa. Ya rubuta: "Ni dai ban ce komai ba. Amma ina wannan bawan Allah yake tun Litinin?"

Ban ce komai ba! Kun ji munafunci? Ka zuba fetur, ka ajiye ashana a gefe, ka ce kai ba ka kunna ba. Wa kake yi wa wayo? Mala'ikun da ke kafaɗarka ba su iya karatu ba ne?

Ranar ce na ji rigimar nan ta bayan katanga. Matar ta yi kuka, ta yi zagi, ta durƙusa ta kama ƙafarsa. Ta ce ya sani sarai Auta na wurin haƙa, shi da kansa ya ara masa jakar tafiya. Ya ce in Auta na da gaskiya ai zai dawo ya wanke kansa, mene ne abin tayar da hankali? Ya ce yanzu in ya sauke za a ce yana rufa wa surukinsa asiri, mutuncinsa ya zube. Mutuncinsa! Ta sa mayafi ta tafi wurin 'yan sanda da ƙafarta, ta faɗa musu inda ƙaninta yake. Suka rubuta. Suka ce su ma tambayoyi kawai suke son yi masa, kuma wayar ofishinsu ta kusa fashewa, kowa ya ga Auta: an gan shi a kasuwa, an gan shi a kan iyaka, wata ta gan shi a mafarki. Ta kira lambarsa har yatsanta ya yi ciwo. Ba ta shiga.

Yanzu bari in faɗi nawa, don kada ku ce tsohuwa na wanke kanta. Ni ina son labari, wannan ba ɓoyayye ba ne. In aka yi saki a layin nan, kafin matar ta ɗaure kayanta na san dalili. Hoton nan na Auta ya shigo wayata, na sa tabarau na kalla sau uku, na tura wa ƙawayena biyu. Na ce musu, "Kada ku faɗa wa kowa." Ni da na san Auta tun yana yawo ba wando. Ni da ya gyara min famfo bai karɓi ko godiya ba. Yatsan nan nawa, ga shi, har yau in na dube shi sai in ji kamar in sa shi a wuta.

Ran Lahadi da hantsi Auta ya sauka a tasha. Mako guda bai ga waya mai aiki ba. Rigarsa duk jar ƙasa, jakar surukinsa a kafaɗa, a hannu wata 'yar tsana ta roba da ya saya wa 'yarsa. Wani ya dubi wayarsa, ya dubi Auta, ya zagaya bayansa ya leƙa ƙeya. Ya ɗaga murya: "Ga shi nan!"

Ba zan ba ku sauran ba. Masu ɗauka a waya sun fi masu duka yawa, masu ceto kuwa babu ko ɗaya sai da mota ta zo.

Kwana biyu ya yi a gadon asibiti. Sau ɗaya ya farfaɗo, ya ga yayarsa a kansa. Ya ce, "Yaya, me na yi musu?" Ta riƙe hannunsa. Ya ce, "Ki kira Yaya Malam. Shi mutane na jin maganarsa, ya faɗa musu ni ba ɓarawo ba ne." Bai sani ba, ya 'yan uwa. Har ya koma ga Ubangijinsa bai san hannun da ya nuna shi ba.

Kwana uku da binne shi 'yan sanda suka zo shagon aski. Ba wurin mai aski suka fara zuwa ba. Benci suka nufa.

Wata jami'a ce ta zauna ta bi shafin mai askin hoto bayan hoto, ba hayaniya, ba jan alƙalami. Ta ƙirga ƙeya sittin da ɗaya masu layi biyun nan. Sittin da ɗaya! Duk wanda ya zauna a kujerar bai ce a'a ba, sai an ja masa. Ashe gwanin namu ba ƙeya ya sani ba, zanen hannunsa ya gane, ya liƙa wa wanda ya fi saurin zuwa ransa. A cikin sittin da ɗayan nan akwai wanda kantin maganin ya kora saboda ɗauke-ɗauken ƙwayoyi. Na-Benci. Ran Litinin ɗin da la'asar ya shigo yana gumi ya ce zafi ya dame shi, a kwashe gashin duka. Mai aski da hannunsa ya sa kilifa ya share layukan, ya shafa masa hoda, ya kaɗe masa wuya, ya share shaidar da tsintsiya ya zuba a kwandon shara. Sannan kwana da kwanaki makashi na riƙe masa waya yana cewa, "Matsa dama kaɗan, Maigida, haske bai kama ka ba."

Aka tafi da su biyun. Mai aski ya yi kwanaki a tsare kafin a ba da belinsa, shari'arsa na nan tafe. Mabiyan nan dubu arba'in fa? Su suka fara tsine masa. Waɗanda suka rubuta "a kamo shi" su ne suka rubuta "Allah ya isa", da yatsa ɗaya, ko wanke shi ba su yi ba. Wasu suka zo suka farfasa madubin. Ya buɗe shago bayan ya fito, ya zauna daga safe har yamma, ko ƙuda bai sauka a kujerar ba. Wane mai hankali zai ba shi baya? Wa zai bari ya ɗaura masa ƙyalle a wuya ya ji cikinsa?

Ya 'yan uwa, zato ba ilimi ba ne. "An ce" ba shaida ba ce. Gulmar da muka tashi da ita, mugun abu ce, amma a bakin rijiya take mutuwa, mutum biyar suka ji. Ta yanzu ƙafa dubu gare ta, kuma ba ta dawowa in ka kira ta. In ka san wani abu, kai shi inda aka ce a kai. In ba ka sani ba, ka kife wayar ka je ka yi wanki. Ran gobe ba za a tambaye ka mutum nawa suka kalla ba. Za a kawo maka wanda ka nuna, ya tsaya gabanka, fuska da fuska, ba ƙeya ba.

Bari in yi addu'ar tun yanzu, don abin da ya rage ba ya son ƙari a bayansa. Ya Allah ka tsare mu daga sharrin harshenmu da na yatsunmu. Ka kiyaye mu da ɗaukar jinin wani muna zaune a kan tabarma. Ka yafe wa tsohuwar da ta tura wa mutum biyu. Ku ce amin.

Ranar da Auta ya cika kwana arba'in da rasuwa, da safe, ina bayan katanga. Wannan karon ban ɗauki ko zane ba, tsayawa na yi kawai. Na ji jan akwati a kan siminti.

"Haba, uwar 'ya'yana. Ina za ki? Ni fa ban taɓa shi ba. Ko tashar ban je ba."

"Na sani."

"Kowa na kuskure. Hoton ne bai fito sosai ba. Kuma ki duba abin da na rubuta, ban ce shi ne ba."

"Ya ce in kira ka."

"Wa?"

"Auta. A asibiti. Ya ce in kira Yaya Malam ya faɗa musu shi ba ɓarawo ba ne. Kwana arba'in ina riƙe da saƙon nan a ƙirjina. To ga shi na isar. Ɗauki wayarka ka faɗa musu."

Sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa: "An rufe shafin."

"To faɗa wa bango. Yara, ku wuce."

Ta ja ƙofar gidan ta buga ta da ƙarfin da sai da ƙasa ta zubo daga katangar a kaina.