Zalɓe da Kwaɗin Kacalla

Kai, kun ishe ni da tambaya! Ina ruwanku da abin da ya sa kwaɗin kacalla, ciyawar nan ta tafki, ke ɓuya? To ku natsu. Ga ta nan, ga ta gare ku.

Ta zo, Kaka, mu ji.

Zalɓe ya rantse ba zai ci dangin Kwaɗuwa ba, don ta taɓa cire masa ƙaya a maƙogwaro. To kwaɗin tafkin duk kamarsu ɗaya, sai ya kasa taɓa kowa, yunwa tana cinsa.

Rannan ya tsaya a kan Kwaɗuwa, inuwarsa ta rufe ta. Ya ce, "Ƙawata, su wane ne naki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, namu suna da farin zane a gefe. Na hayin can ba su da shi."

Ya bi kacalla yana dubawa, yana haɗiye marasa zane. Can ya ɗago wata 'yar mitsitsiya a baki.

Kwaɗuwa ta ƙwalla ƙara, "Wayyo, 'yata ce! Zanen sai an girma yake fitowa!"

Ya haɗiye ta, ya ce, "Ke kika ba ni alama." Tun daga ranar kwaɗi ke ɓuya cikin kacalla in sun hango Zalɓe.

Ƙurunƙus, na yar da kan ɓera. Ku tashi ku kwanta, kada in ji motsin kowa!