Kurege da Haƙoran Sarkin Dawa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, kowa ya kife wayarsa.

A shekarar da waya ta shigo dawa, Bushiya ta buɗe shafi a intanet tana koyar da girki. Yau miyar taushe, gobe dambu. Duk wanda ya gwada sai ya aiko mata da tukuici, har ta yi ƙiba, ƙayoyinta suna sheƙi.

To, Kurege maƙwabcinta ne. In ya ga an sauke ƙwaryar gyaɗa a ƙofarta, sai ya yi tsaki. In ya ji ana yabonta, sai ya yi tsaki.

"Wai Bushiya," in ji shi. "Ni da na ci tuwonta na san ko gishiri ba ta iya sawa ba."

Sai shi ma ya buɗe shafi, ya sa masa suna Rufin Asiri. Mai matsalar da yake kunyar faɗa ya shigo ya bincika, ba mai ji, ba mai gani. Dabbobi suka yi ta shiga. Amma wa zai kai tukuici ya tona kansa? Gyaɗa ko ƙwaya Kurege bai gani ba.

Ran nan sai ga Hankaka, dillalin talla, a bakin raminsa.

"Kurege, kana zaune kan arziki kana hamma. Ba ni sunan duk wanda ya shigo da abin da ya duba, in biya ka da gyaɗa."

"Me za ka yi da su?"

"Talla zan sa ta bi su. Su buɗe waya, ga ta. Su rufe su sake buɗewa, ga ta."

"Gyaɗar za ta fi ta Bushiya?"

"Nesa ba kusa ba."

"Kawo buhu."

Talla ta shiga bin dabbobi kamar ƙuda. Giwa ta buɗe waya, maganin rage tumbi. Ta rufe ta buɗe, maganin rage tumbi.

Ranar zaman fada, Zaki ya miƙa wa Dila magatakarda wayarsa ya karanto sanarwa. Dila ya gyara murya ya karanta abin da ya fara gani: "Haƙoran roba, ba mai gane ba naka ba ne. Ranka ya daɗe, har yanzu kana so?"

Aka bi sawun tallar, aka jawo Kurege ta wutsiya.

Zaki ya yi magana bakinsa a tsuke. "Kai ka sayar da sirrin jama'a?"

Kurege ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ja zamanin Manyan Dawa. Na sayar, amma na waɗanda suka shiga shafina kaɗai. Wanda ya shiga ya fito ya faɗi abin da ya nema, sai a yanke mini hukunci. Sarki dai na san bai taɓa shiga ba."

"Ban taɓa ba," in ji Zaki da sauri.

"Ni ma," in ji Giwa, tana shafe ciki.

Kurege ya fara kaɗe jiki zai tashi, sai Kura ta matso tana dalalar da miyau.

"Ni na shiga. Ni ba ni da kunya. A ba ni shi."

Kurege ya dake. "Gaskiyarki, Yaya Kura. Ba Dila wayarki a ga shaida."

Dila ya karɓa ya karanta: "Rawani da alkyabbar sarauta, daidai jikin kura. Za a kawo miki da zarar tsoho ya kwanta dama."

Zaki ya daka tsalle ya cafki wuyan Kura. Dasashi ne zalla, kamar tausa ake mata, amma ta yi ta kururuwa don ta san kashinta ya bushe in ta yi dariya. Kafin ƙura ta lafa Kurege yana cikin rami, kwance kan buhunsa.

Ƙurunƙus kan Kurege. In za ka sayar da sirrin mutane, ka tabbata na Sarki yana ciki. Ba don cajin wayata ya ƙare ba, da na ƙara muku wata ƙaryar.