Ranar da Zabo Ya Je Gaida Surukai

An yi wani Zabo a bayan gonakin wani ƙauye, kyakkyawa ne, kuma ya san da hakan. Aibinsa ɗaya, ba ya cin abinci, zuba shi yake yi a ciki. Wanda ya riƙe shi tun yana ɗan tsako tsohon Kunkuru ne, abokin marigayi mahaifinsa, wanda ganye ɗaya kan kai shi hantsi yana tauna.

Zabo ya ga wata Zabuwa yana so. Aka sa masa ranar zuwa gaida iyayenta, waɗanda ke zaune can saman wata tsamiya, aka ce Kunkuru ya raka shi.

Da safiyar ranar, Zabo ya tuna cewa ɗan kirki ba ya sakin jiki da abinci a gidan surukai, taɓawa kawai yake yi ya janye. Shi kuwa ya san halinsa. Sai ya yi dabara, ya faɗa gonar gero don ya cika cikinsa tun kafin a tashi.

Kunkuru ya yabi dabarar, amma ya ce ya bi a hankali. Ya ce kowane ciki yana da ɗan aike, idan abinci ya isa, hanji ne ke tura shi ya shaida wa kai. Sai dai tafiyar ɗan aiken nan irin tasa ce, dole a jira shi.

"Kawu, naka ne ke rarrafe," in ji Zabo, bakinsa cike. "Nawa fukafukai gare shi."

Ya cinye zangarniya ɗaya, ya saurara, bai ji an ce ya isa ba. Ya ƙara biyu. Shiru. Ya ƙara huɗu, yana mitar wai geron bana ba ya ƙosarwa.

Sai da suka iso gindin tsamiya saƙon ya same shi, gaba ɗaya. Ya tsaya cik, ya buɗe baki yana haki.

"Mai fukafukan ne ya sauka?" Kunkuru ya tambaya.

Daga sama aka ce baƙo ya hawo. Zabo ya buga fukafukai, ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba. Ya ja da baya ya taho a guje, ya tashi kamu ɗaya, ya faɗo rigingine cikin busassun ganye.

Don tausayi iyayen yarinyar suka sauko da kansu. Zabo ya tsuguna ya gaishe su da ladabi, amma tashi ya gagara. Yana cikin yunƙuri wata gyatsa ta kuɓuce masa, har kurciyoyin da ke reshe suka watse. Aka kawo masa gara mai maiƙo daga suri, ya kawar da kai kamar zai yi kuka. Uwar yarinyar ta danne dariya, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin suruki mai kunya irin wannan ba.

Uban bai yi dariya ba. Ya ce muzuru na yawo a wannan daji, ba zai ba da 'yarsa ga mijin da zai kwantar da ita a ƙasa ba. Aka ɗage biki har sai ranar da Zabo ya iya hawowa ya yi gaisuwa da kansa.

Zabo ya sunkuyar da kai. Sai Zabuwa ta leƙo ta cikin ganye ta ce, "Ko reshen farko ka kai, zan sauko in same ka a can. Amma ƙasa kam, a'a."

Darasin da ke cikin labarin nan, yara, shi ne ƙoshi ba ya zuwa tare da loma, a baya yake tafe. Ku tauna, ku dakata, ku ba ciki lokaci ya yi magana kafin ku miƙa kwano a ƙara. Kuma ku daina kallon tumbina ina muku nasiha. Nawa gado ne, kuma yana yi mini kyau.