Kura da Abin Wuyan Murjani

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu sha dariya.

Kura ce aka gayyace ta suna, ba ta da abin wuya. Sai ta ji an ce murjani a teku yake tsirowa, kyauta. Ta je ta tsunduma, ta kama wani jan reshe za ta ɓalle.

Kaguwa mai gadin wurin ta leƙo ta ce, "Baiwar Allah, wannan ba dutse ba ne, rai gare shi. Nan kifaye ke renon 'ya'yansu. Kalli da ido, ki bar shi."

Kura ta ce, "Ke da ko tafiya a karkace kike yi, za ki koya mini?" Ta ɓalle, ta rataya.

Kafin ta isa gidan suna, rana ta kashe reshen, sai wari. Ana rabon tuwo, 'ya'yan Kaguwa bakwai da ke barci a cikin reshen suka farka, suka damƙe mata kunne. Kura ta miƙe tana tsalle tana ihu. Makaɗa suka zaci rawa ce, suka ƙara ƙaimi, mata na guɗa.

Da gudu ta koma teku. "Yaya Kaguwa, don Allah cire mini su!"

Kaguwa ta ce, "Shida zan cire. Autar tana kunnenki, ki dinga tsince ledoji da sharar bakin ruwan nan har wani reshen ya tsiro."

"Kwana nawa?"

"Shekara ashirin, in kin yi sa'a."

Shi ya sa har yau kuke ganin Kura kai a sunkuye tana binciken bola.

Ƙurunƙus kan autar Kaguwa!